Guruf ɗin haɗa kuɗin mai na hanyar Kawo: safiya lafiya lau, yamma kam sai a hankali

Mutane sun dame ni da tambaya, wai wace mota ce nake bi zuwa aiki yanzu da ba a ganina a bakin titi ina ɗaga wa Keke hannu, nawa ake biya, kuma ba na jin tsoro? To bari na rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta na huta da tura murya. Sunan guruf ɗin kam ba zan faɗa ba, ba rowa ba ce, dokarsu ce, ba a shiga sai wani na ciki ya tsaya maka, kuma ni a ganina wannan dokar ita ce rabin amfanin abin.

Ba kamfani ba ne fa, babu ofis babu manhaja babu komai, guruf ne na WhatsApp da wasu ma'aikata suka buɗe bayan an cire tallafin mai. Kowa dai ya tuna 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen 500 kafin sati ya zagayo, a Yuli ta haura 600, kafin 2024 ta ƙare kuma sai da muka ga dubu da idonmu. Lokacin ne za ka ga magidanci da Camry a gida an lulluɓe ta da tamfol, shi kuma yana tsaye a Kawo da jakar laftof yana kokawar shiga bas da 'yan makaranta. Sai wasu suka ce to tunda hanyarmu ɗaya lokacinmu ɗaya, me zai hana mota ɗaya ta fita a cika ta a raba kuɗin man. Namu ɓangaren na 'yan arewacin garin Kaduna ne, Rigachikun, Mando, Hayin Banki, Kawo, Unguwar Dosa, Badarawa, duk masu gangarowa ta Ali Akilu zuwa cikin gari, wasu sakatariya a Independence Way, wasu wajen bankunan Yakubu Gowon Way irina, wasu kasuwa.

Shiga kam akwai ɗan wahala. Wadda ta kawo ni sai da ta kira adimin ta ce ta san ni ta san gidanmu, sannan na tura hoton katin aiki, da lambar wani na jikina, ni lambar maigida na bayar don dama sai da ya yi ta ja kafin ya yarda. Mai mota kuma zai tura lasin da takardun mota da hoton motar gaba da baya lamba ta fito ras. Daga nan adimin, wata Anti ce ma'aikaciyar gwamnati mai haƙuri kamar me, ita za ta duba unguwarka da lokacin fitarka ta haɗa ka da mota. Kala biyu ne tsarin. Akwai na masu motoci zalla, su huɗu ko biyar, yau motar wannan gobe ta wancan, kamar dai adashi, kowa ranar kwasarsa na zuwa kuma babu kuɗin da ke shiga tsakaninsu. Sai namu na marasa mota, mu ke biya, duk daren Lahadi ka yi wa mai motar taransifa na sati guda, ka tura shaidar biya, shikenan kujerarka ta zama taka ko ka fito ko ba ka fito ba.

Kuɗin ba daga sama aka yanko shi ba, wannan ya burge ni. Baban da nake bin motarsa, wani dattijo ne mai tsohuwar Corolla da ya kusa ritaya, a gabanmu ya yi lissafin. Ya ce daga Rigachikun zuwa cikin gari da dawowa a bar shi a kilomita 30, da gosulo da tsaye-tsayen ɗaukarmu motar na shan kamar lita 4, idan lita tana 900 ka ga 3,600 ke nan, a raba biyar har da shi kansa kowa 720 ya faɗo masa, sai ya ɗora ɗan wani abu na juye da faci da wankin mota, aka tsaya a dubu ɗaya zuwa da dawowa. Ni da a da sai na hau acaba daga gida zuwa titi, na hau bas zuwa Kawo, wani lokaci na canza wata, na ƙarasa da Keke, ga canji da kwandasta ba ya bayarwa sai kun yi cacar baki, wallahi na ga bambanci a aljihuna. Ba wani sauƙi ba ne na tashi hankali, kar wani ya ɗauka kyauta ce, amma abin da ya fi min shi ne na san abin da zan kashe a sati tun ranar Lahadi, ba wai na fito da safe direba ya ce yau an ƙara ɗari biyu saboda hadari ya haɗo ba.

Safiya dai ba ni da abin cewa sai sambarka. Ƙarfe bakwai saura kwata Baba yana bakin gidan man da muka yi da shi, minti biyar yake jira, idan ba ki zo ba zai turo saƙo ɗaya ya ja motarsa, kuma babu mai jin haushi don kowa ya san dokar tun farko. Mutum uku a baya ɗaya a gaba, ba irin tasin tasha da ake cusa huɗu a baya biyu a gaba har direba na canza giya a cinyar fasinja ba. Kina fitowa da gugarki kina isa ofis da gugarki. Lokacin hunturu kuwa da ƙurar nan ta Kaduna ke rufe gari har ba ka hango gadar Kawo sosai, a ɗaga gilashi a zauna lafiya, wanda ya taɓa shiga Keke da asubar Janairu da jariri a goye shi ya san abin da nake nufi. Damina ma haka. Esi dai babu, Baba ya ce wanda ke son esi ya ƙara ɗari uku, duk muka ce a bar mu da iskar Allah.

Sannan kwanciyar hankali, wanda shi ne ainihin abin da na biya wa kuɗi in gaskiya za a faɗa. Labarin 'yan wan cans ba sabo ba ne, ka tare motar da ka ga fasinjoji a ciki ashe duk bakinsu ɗaya, a ƙwace waya a tilasta maka taransifa a watsar da kai a wani lungu. Duk mace mai fita da sassafe ko dawowa bayan magariba da wannan fargabar take tsayawa a titi. A nan kuwa na san mai motar, na san inda yake aiki, maigidana yana da lambarsa da lambar motar, matarsa ma mun gaisa. Akwai motocin mata zalla ga wadda ba ta son haɗuwa da maza, sai dai sun yi kaɗan, jerin masu jira ya yi tsawo, mata masu mota da za su yarda su ɗauki mutane kullum ba su da yawa, yawancinsu sai sun fara sauke yara a makaranta. A motarmu mu biyu ne mata, aka bar mana baya da wani yaro ɗan bautar ƙasa mai kunya da ke manne wa ƙofa kamar zai fita ta taga, Allah sarki.

Babbar dokar da ta raba abin da kabu-kabu ita ce ba a ɗaukar kowa a hanya. Ko kujera biyu ce babu kowa, ko mutum ya ɗaga hannu yana cewa Kasuwa Kasuwa, wucewa ake yi. Akwai wani mai mota da aka kama yana cika gurbin waɗanda ba su fito ba da fasinjan titi, Anti ta yi masa magana ya ce ai motarsa ce, washegari ta cire shi. Wasu sun ce ta yi zafi, ni kam na goyi bayanta ɗari bisa ɗari, don daga ranar da baƙo ya fara shiga to duk katin aikin da muka tura ya tashi a banza. Ban da haka ma akwai maganar 'yan yuniyan, su da suke biyan kuɗin tasha suna bin layi ba za su zuba ido motar gida tana lodi a gabansu ba, kuma da gaskiyarsu. Ga inshora, ta motar gida daban ta haya daban, ita wannan ta dole da aka mayar naira 15,000 tun Janairun 2023 ba don ɗaukar fasinjan kuɗi aka yanka wa mai motar gida ita ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata masu motocin su tsaya a raba kuɗin mai kawai, da zarar mutum ya fara lissafin riba to ya canza sana'a, ya je ya yi fenti ya yi rajista.

To yanzu yamma. Nan ne abin ya lalace, kuma ba zan ɓoye ba. Da safe kowa lokacinsa ɗaya, amma tashi kowa da nasa. Baba ma'aikacin jiha ne, ni kamfani, ɗayar matar asibiti take aiki, yaron nan kuma yau ya tashi da wuri gobe a riƙe shi. An ce ƙarfe biyar a haɗu, sai biyar da rabi ta yi ka ji shiru, ka kira.

"Baba, muna tsaye fa tun ɗazu."

"Hajiya ku yi haƙuri don Allah, oga ne ya kira mitin yanzun nan, in kuna sauri ku hau Keke kawai."

Ka ga na biya kuɗin dawowa tun Lahadi, ga shi zan sake biyan wani, kuma a daidai lokacin da motoci suka fi wahala, kowa ya taso, randabawul ɗin Lugard a cushe, Unguwar Sarki a cushe, bas ɗin da za ta tsaya ma a cike take tahowa daga kasuwa. Babu wata doka a guruf ɗin da ta ce a mayar maka da kuɗinka idan mai mota ne ya saɓa. Idan kai ka makara kuɗinka ya tafi, idan shi ya makara sai "a yi haƙuri". Baba dai mutumin kirki ne, wani lokaci da kansa yake cewa a rage a na sati mai zuwa, amma wannan halinsa ne ba tsari ba, na ji waɗanda nasu mai motar ko a jikinsa. Haka ranar da mota ta lalace, sai da asuba za ka ga saƙo wai tana wajen bakanike, kowa ya yi ta kansa.

Juma'a kuma wata matsalar ce ta daban da sai a Kaduna za ka same ta. Tun Disambar 2021 da gwamnatin El-Rufa'i ta mayar da aikin ma'aikatan jiha kwana huɗu, su Litinin zuwa Alhamis suka saba fita, kuma su ne suka fi yawa a masu motocin guruf ɗin. Mu 'yan kamfani da banki da ma'aikatan tarayya sai ranar Juma'a ta zo ka ga mutum goma suna rububin kujera biyu. Ba a karɓar kuɗin Juma'a dai, wannan an yi adalci, amma ni ranar ce na fi buƙatar motar, don dawowa bayan an sauko masallaci ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai maganar farashi, yana hawa da mai amma ba ya sauka da shi. Duk ranar da aka ƙara a gidan mai kafin dare an turo sanarwa, da man ya ɗan sauko a 2025 kuwa shiru kake ji, sai da wasu suka yi ta ƙorafi. Hujjar masu mota ita ce taya da batir da bakin mai ba su sauko ba, kuma wannan gaskiya ne, sai dai a faɗa mana hakan mana, ba a yi kamar ba a ga allon gidan mai ba.

Ƙananan abubuwa kuma ga su nan birjik, guruf ɗin da aka buɗe don mota ya koma kasuwa, wannan ta turo atamfa, wannan turaren wuta, wancan dogon saƙon "tura wa mutum goma", sai ka nemi sanarwar motarka ka rasa. Cikin mota kuma siyasa, in Baba ya kunna rediyo aka fara shirin safe to har mu isa musu ake, ni dai na koyi sa abin kunne. Wanda ya fi damuna a raina shi ne katunan da muka tura, hotunan katin aikin mutane da yawa da lambobin iyalansu duk a wayar mutum ɗaya, yau in aka fizge wayar Anti a Kasuwar Barci fa? Na faɗa mata, ta ce za ta duba, har yanzu dai tana dubawa.

Wani ɗan boko a guruf ɗin kullum maganarsa muhalli, wai muna ceton duniya. Lissafinsa ba ƙarya ba ne, duk litar fetur da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.3 na hayaƙin kabon, to in mutum biyar masu mota biyar suka koma mota ɗaya, lita 16 ta tsira a rana a irin tafiyarmu, ga motoci huɗu sun ragu a layin gosulo. Amma wannan na 'yan karɓa-karɓa ne, su da gaske suka ajiye motoci. Mu fa? Mu huɗun da ke motar Baba babu mai mota a cikinmu, daga bas aka ɗebo mu, kuma bas mai mutum goma sha a cike ta fi Corolla mai mutum biyar sauƙin hayaƙi a kan kowane kai, sai dai in irin wadda ke tafe tana turnuƙe titi ce. Abin da za a ce kawai shi ne Baba dama zai fita ko da mu ko babu mu, to gara kujerun su tafi da mutane. Shi ya sa da gwamnatin Uba Sani ta kawo manyan motocin nan 100 masu amfani da gas na CNG a 2025 aka fara ɗaukar mutane kyauta, wasu suka fice daga guruf ɗin ban ga laifinsu ba, in dai maganar gari gaba ɗaya ake to babbar bas mai zuwa a kan lokaci ita ce magani, namu dabara ce ta cike giɓi. Ni abin da ya hana ni komawa layin jira ne da turereniya, da kuma rashin sanin ƙarfe nawa za ta iso.

Shi dai ɗan bokon nan har cewa ya yi a ware layi guda a Ali Akilu na motocin da suka ɗauko mutum uku zuwa sama, kamar yadda ake yi a wasu manyan hanyoyin Amurka. Dariya na yi, don an gwada irinsa a Jakarta ta Indunusiya tun 1992, sai talakawa suka mayar da shi sana'a, su tsaya bakin titi mai mota ya ɗauke su haya su cika masa adadi ya wuce ya sallame su, har da masu goyon jarirai don jariri ma kai ne, a 2016 gwamnati ta haƙura ta soke dokar. Ka yi tunanin wannan a Kawo, kafin azahar an kafa ƙungiya da shugaba da sakatare. Ya kuma kawo zancen irin su Zipcar, motar da ba ta kowa ba, ka buɗe da waya ka yi awa biyu ka ajiye wani ya ɗauka. Wannan kam a bar shi tukuna, mu da ko aron mota tsakanin wa da ƙani sai an yi rigimar wa ya fasa fitila. Manhajar haɗa matafiya ma an yi a Legas, GoMyWay, ta rufe a 2017 tun mai yana araha. Namu yana tafiya ne don kowa akwai wanda zai ji kunyarsa in ya yi ba daidai ba, kuma ina tsoron ranar da guruf ɗin zai yi girman da Anti ba ta san fuskar kowa ba.

Akwai wani ɓangare da na gwada na ji daɗinsa, haɗa mota zuwa tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Duk mai bin jirgin safe zuwa Abuja ya san kuɗin shatar mota daga Kawo zuwa can wani lokaci sai ya so ya kamo kuɗin tikitin, to a nan sai mutum ya rubuta tun dare cewa gobe zai kai wani tasha akwai kujera biyu, a raba. Na tafiya Zariya ma ana yi ranar Juma'a da yamma. Na hanyar Abuja a mota kam ban shiga ba, maigida ya ce ko da wasa.

In maki zan ba su, safiya tara cikin goma, yamma huɗu, Juma'a ba su ma zauna jarrabawar ba. Wanda aikinsa ke da tsayayyen lokaci, malamin makaranta, ma'aikacin sakatariya, ko masu mota da ke unguwa ɗaya, ku nema ko ku haɗa naku, mutum biyar ma sun isa, ba sai an tara jama'a ba. Ɗan kasuwa da mai aikin shifti kuma kar ka biya na sati, asara za ka yi. Ni yanzu na roƙi a raba min biyan, na safe daban na yamma daban, na riƙa biyan zuwa kawai, dawowa in mun dace na ba da a hannu. Baba ya ce shi ba matsala, sauran masu motocin ne suka ce in kowa ya yi haka man dawowa wa zai biya, an dai ce za a zauna a kai ƙarshen wata in an yi albashi.